Gawayin Kachalla: Haɗejawa, Ku Gama Dariyar Tukuna

Na san za ku yi dariya, saboda haka na ba ku minti guda ku gama. Wai Bakatsine ne ya naɗo rawani zai koya wa Haɗejawa yadda za su yi da ciyawar da ta tsiro musu a bakin ƙofa. Mutumin da duk ruwan ƙasarsu bai wuce na Jibiya da Zobe ba, wanda in aka ɗora shi a kwalekwale sai ya ƙanƙame gefe da hannu biyu yana ta salati tun ba a bar gaɓa ba. To, na ji, kuma ban musa ba. Amma ku tuna, ba banza ake yi wa garinmu kirari da ɗakin kara ba. In dai zancen kara ne da ciyawa, bayi su tsuguna, ubangidansu zai yi magana.

Abin da na faɗa shi zan maimaita: kachallar nan da ta toshe muku kogi ana iya mayar da ita gawayi a tuƙa tuwo da shi. Ranar da na fara furta haka a kasuwar kifi ta Haɗejiya, wani mai banda ya yi dariya har sai da ya dafa kwalin kifinsa. Da numfashi ya dawo masa sai ya ce, "Malam Bakatsine, yunwa ce ko zazzaɓi? Ciyawa in ta ga wuta ai toka take zama. Mu da muke banka mata wuta kowane rani, buhu nawa na gawayi ka ga mun kwasa?" Na ce ko ɗaya, kuma ko za ku ƙara shekara hamsin kuna bankawa ba za ku sami cikin cokali ba. Ya ce, "To, ka gani." Na ce ban gama ba, Haɗejawa kun cika katse wa manya magana.

Kafin mu kai ga wuta, bari in ɗan tsokane ku a kan ruwa. A watan Afrilun 1906 kakanninku suka tsaya wa Turawa, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya har ya yi shahada. Wannan kam ko mu abokan wasa muna sara muku. Sai ga jikokinsu ciyawa ta ci su da yaƙi, ba bindiga ba igwa. Kuma ba cikin dare ta shigo ba. Da can kogin yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ja baya da rani har ƙasa ta tsattsage, ita kuwa kachalla ba ta son ƙafarta ta bushe. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya daina zuwa da fushinsa ya wuce. Ya koma silalowa kaɗan-kaɗan shekara zagaye, laka tana taruwa, takin gonakin rani yana biyo shi. Nan kachalla ta ga gidan biki. Ta shimfiɗa tabarma daga wajajen Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ta bi mashigar Marma har tafkin Nguru. Masunci ya rasa inda zai ja taru, jan-baki ya sami masauki kyauta yana tashi da sassafe ya yi kalaci a gonar shinkafa, sauro ya kafa gari, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta yi gida. In ambaliya ta zo, irin ta 2022, ruwa ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya nemi wata ta cikin gonaki da gidaje. Duk wannan kun fi ni sani, tun da ku kuka kwashe kaya a ka.

Yanzu wuta. Abin da mai banda ya sani shi ne ƙuna a fili: iska na kaɗawa, oksijin na shiga ta ko'ina, ya cinye kome ya bar toka. Ni kuwa cewa na yi a ba ciyawa zafi amma a hana ta iska. In ta rasa abin da za ta kama wuta da shi, sai ta riƙa warwarewa daga ciki. Ruwa ya fita, hayaƙi mai maiƙo ya fita, gas ya fita, baƙin ya zauna. Masana suna ce wa wannan fairolisis, kalmar da aka ƙera daga kalmomin Girkanci biyu, wuta da warwarewa. Kada sunan ya razana ku. Duk mai yin gawayin da ya taɓa jera itace ya lulluɓe shi da ƙasa ya bar 'yan kafofi, aikin da yake yi ke nan, farar riga ce kawai ba a ba shi ba.

Itace da karan dawa da ɓuntun shinkafa da kachalla duk gida ɗaya ne mai mazauna uku, kuma kowanne da halinsa in zafi ya tsananta. Na farko sunansa hemiselulos. Matsoraci ne. Da zafi ya kai wajen digiri 220 a ma'aunin Salshiyos ya fara haɗa kayansa, kafin 315 yawancinsa ya gudu. Na biyu selulos, wato zaren da ke jikin tsiro, irin dai na auduga. Shi yakan cije har wajen 315, ka ce ba zai motsa ba, sai kuma ya zube gaba ɗaya, kafin a kai 400 ya bi hayaƙi bai bar abin kirki ba. Na uku liginin, danƙon da ya riƙe sauran biyun, shi ne ke ba itace tauri. Wannan tun ƙasa da digiri 200 yake fara sakin kaɗan, yana ja yana tirjewa, har wajen 900 bai gama miƙa wuya ba, kuma shi ne ya fi barin gawayi a bayansa. Da ana yi wa sinadarai takardar shaidar asali, liginin Bahaɗeje ne, ba tantama. Kada kuma wani ya ɗaga hannu ya ce hemiselulos Bakatsine ne. Na riga ku faɗa, zancen ya mutu.

Mai yin gawayi ba shi da ma'aunin zafi, amma yana karanta wannan jerin gwanon a hayaƙi. Fari tas mai kauri, ruwa ne ke fita. In ya juye ya yi rawaya-rawaya yana yaji a ido, matsoracin nan ne da ɗan'uwansa ke gudu, kwalta da tsami suna bin su. In ya sirance ya koma shuɗi, aiki ya zo ƙarshe, sai a toshe kafofi. Akwai kuma wani wuri a tsakiya, wajen digiri 280, inda itacen ke fara ba da zafi da kansa ba sai an ƙara masa ba. Wanda ya yi barci a wannan lokacin, iska ta sami ɓaraka ta shiga, da safe toka zai gaisa da ita.

Masu bincike kuma wata na'ura suke da ita, sikeli mai tsananin ji da aka sa a cikin 'yar tanda. Ana zuba garin ciyawa kamar miligiram 10, abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba, a busa masa naitirojin don ya kori oksijin, a riƙa ƙara zafi a tsanake, a ce digiri 10 kowane minti, kwamfuta tana rubuta yadda nauyin ke raguwa. Zanen saurin raguwar da ke fitowa shi ne labarin da na ba ku yanzu: ɗan tudu a wajen digiri 100, sai kafaɗa, sai ƙololuwa, sai doguwar jela da ba ta son ƙarewa.

A can kasuwar, nan ne wata Hajiya mai tuwo, da take jin mu tun ɗazu, ta kasa haƙuri. Ta ce, "Ɗan nan, mu muna da kachalla iya ganin ido, ku kuna can kuna auna abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba? Allah ya shirya boko." Na ce, "Hajiya, in za ki ɗanɗana gishirin miya, tukunyar kike shanyewa?" Ta ce in bar ta da rashin kunyar Katsinawa. Amma ba ta tashi ba.

Ga inda abin ya yi daɗi, ku ba ni kunnuwanku. In aka maimaita gwajin da ciyawa iri ɗaya, sau ɗaya ana ƙara digiri 5 a minti, sau ɗaya 10, sau ɗaya 20, ƙololuwar nan ba ta tsayawa wuri guda. Gwargwadon saurin ƙara zafi, gwargwadon yadda take matsawa gaba. Dalili kuwa, warwarewa tana buƙatar lokaci: in ka yi gaggawa, zafi ya riga ya yi nisa kafin ciyawar ta gama amsa kira. To wannan 'yar matsawar ita ce taska. Daga ita ake lissafo wani adadi da zan kira tsayin ganuwa.

Ku da kuke da ganuwa kun fi kowa fahimta. Kowane ɗauri da ke cikin selulos kamar mutum ne a cikin birni, ba zai fita ba sai ya haura katanga. Zafi shi ne ƙarfin tsalle. Da sanyi, ɗaya cikin dubban dubbai ne ke iya haurawa. Zafi na ƙaruwa, masu haurawa na ninkuwa, kuma ba ninki na wasa ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya tsara lissafin a 1889. A tsirrai, tsayin ganuwar nan yakan faɗa tsakanin kilojul 150 zuwa 250 a kowane mol. Ba sai kun san mene ne mol ba, ni ma sai da na sha wuya. Ku dai riƙe sakamakon. In muka ɗauki 200, to a wajajen digiri 330 ƙarin digiri 10 kacal yana kusan ninka saurin warwarewa sau biyu. Daga 300 zuwa 350 kuwa saurin yakan ninku kusan sau 30. Abin da zai ci rabin sa'a sai ya ƙare a minti guda. Shi ya sa durom biyu na yin gawayi da aka cika da ciyawa ɗaya, rana ɗaya, ɗaya ya ba da gawayi ɗaya ya ba da ɗanyen kara mai baƙar riga. Ba sammu ba ne, ba kuma kishiya ba ce. 'Yan digirori ne.

Hanyar zaro tsayin ganuwar nan daga matsawar ƙololuwa wani Ba'amurke ne, Homer Kissinger, ya fito da ita a 1956. Ba Kissinger ɗin nan na siyasar duniya ba, kada masu sauraron rediyo su ruɗe. Kuma abin dariya, a kan yumɓu ya yi gwajinsa, ba a kan itace ba. Daga baya Friedman a 1964, da Ozawa ɗan Japan a 1965, da Flynn da Wall a 1966, suka kawo hanyoyin da ke auna ganuwar mataki-mataki. Da aka yi amfani da su a kan tsirrai sai aka ga tsayinta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Dole kuwa, tun da mazauna gidan uku ne, kowa da tasa katangar.

Hajiya, dawo kusa, wannan naki ne. Me ya sa kike jefa kanwa a wake? Don ya nuna da wuri, itace bai ƙare ba. To ciyawa da kanwarta take zuwa. Gishirin da ke cikinta, musamman fotashiyam, wanda shi ne ke sa ruwan toka ya yi santsi da kaifi, yana rage tsayin ganuwa: warwarewa ta fara da wuri, gawayi ya ɗan ƙaru, maiƙo ya ragu. Ciyayi sun fi itace yawan irin wannan gishiri. Saboda haka wanda ya kwafo lissafin katakon Turai ya ɗora wa kachallar Guri ya yi aron hular da ba ta shiga kansa. Ko kachallar ma, wadda ta girma a ruwan da taki ya wanke a ciki da wadda ta girma a wani wuri ba lallai su zo daidai ba, ganye da kara da saiwa kuma kowanne da nasa. Taku za a auna, ba ta maƙwabta ba. Ga jami'a a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa a bayan ɗakinku, ga Bayero a Kano. 'Ya'yanku da ke neman abin rubuta kundin digiri, abin rubutun na nan ya toshe musu hanyar gona.

Yanzu bari in ba ku abin da za ku rama da shi, don Bakatsine ba ya cin amana ko a wasa. Lissafin miligiram 10 ba shi ne durom ba. A na'ura zafi na ratsa garin nan take. A durom kuwa gefe ya yi ja, tsakiya tana nan da sanyinta. Mai banda, kai ne malamin wannan darasi: in ka cika wa tarwaɗa wuta, waje ya ƙone, ciki ɗanye, bayan kwana uku a mota ta fara wari kafin a kai Kudu. Haka ciyawa take. Lissafin ganuwa yana gaya maka abin da zai faru in zafi ya iso. Yadda zafin zai iso kuwa, wannan aikin mai hura wuta ne da yadda ya jera kayansa.

Abin da ilimin ya tabbatar, kuma kowane mai durom zai amfana da shi, shi ne cewa saurin wuta ke raba gado. In aka tafi a hankali, hayaƙin ya ɗan jima a cikin kayan kafin ya fita, wani ɓangarensa yakan sake kwanciya ya zama gawayi, har a sami kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshen kaya. In kuwa aka watsa garin cikin zafin digiri 500 farat ɗaya, aka janye tururin cikin daƙiƙa biyu aka sanyaya, yawancinsa wani baƙin mai yake zama, gawayi kaɗan. Wancan aikin masana'anta ne mai tsada, ba namu ba ne yanzu. Namu shi ne na sannu, a tsaya tsakanin 400 da 500. Ƙasa da haka gawayin zai yi wa Hajiya hayaƙi ta tsine mini. Sama da haka sosai kuma nauyi ne ke tafiya a banza.

Sai wani maƙeri ya taso, ya ce shi duk bai ji abin da zai raba shi da gawayin ƙirya ba. Na ce Baba, zauna da ƙiryarka, ba wanda ya aiko ni gare ka. Kachalla cikinta kamar soso yake, duk kafofin iska, da su take shaƙa a cikin ruwa. In ta zama gawayi ba ta fitowa gunduwa-gunduwa, gari take zama, mara nauyi, iska ma ta isa ta kwashe shi. Sai an daka, an kwaɓa da abin ɗauri, ko kullun rogo, ko ɗan yumɓu, ko ƙaron nan da alarammominku ke zubawa a tawada, a matse a inji ko a ƙwarya, a shanya. Tokarsa ta fi ta itace yawa, zafinsa bai kai na ƙirya ba. Ba zai narka maka ƙarfe yadda kake so ba. Amma shayi da dafa-duka da dumamen safe ba su taɓa cewa sai ƙirya ba. Kowace tukunya da ta nuna da kachalla, wani reshen marke ne ya kwana a jikin uwarsa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin gas da kananzir suka kori gidaje da yawa zuwa kurfoti, kun san inda buhunan gawayin nan ke fitowa, kun kuma san dajin bai da yawan da zai jure.

"To wa ya taɓa yi?" Na san tambayar na zuwa, Bahaɗeje ba ya sayen akuya a cikin buhu. Ku tafi yamma, bakin kogin Sanagal. Can ma madatsa aka gina, ta Diyama, a 1986, ta tare ruwan gishirin teku, kachalla ta mamaye ko'ina kamar taku. A garin Roso na Muritaniya, wata cibiyar koyar da fasaha da ake kira ISET, tare da ƙungiyar GRET ta Faransa da hukumar gandun Diyawling, sun fara aikin mayar da ita gawayi tun wajen 2011, mata a ƙauyuka suna yi suna sayarwa. A nan gida ma ba a zauna ba: ƙarƙashin shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya, masana daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinsu na Madrid da Maryland sun gwada sarrafa kachalla ta zama gas na girki da abincin dabbobi. Wancan ruɓarwa ce ba gashi ba, amma ciyawar dai ita ce.

Wahalar gaskiya ba a wuta take ba, a yanka take. Ɗanyar kachalla yawancinta ruwa ne. Sai mutum ya shiga laka har ƙugu da lauje, ga matsattsaku, ga tsargiya, ya yanko, ya jawo gaɓa, ya shanya kwanaki. In aka cusa ta a durom da danshi, zafin duk a korar ruwa zai ƙare, lissafin Arrhenius ko fara aiki bai yi ba. Kuma a yanke ta ƙarƙashin ruwa, don in kututturen ya nutse saiwar ta rasa hanyar numfashi. Wanda ya yanke ta a sama aski kawai ya yi mata, za ta dawo ta fi da kyau.

Ba kuma zan yi muku ƙarya in ce gawayi zai ƙarar da kachalla ba. Muddin ruwa na kwance shekara zagaye, laka na cike mashigai, tana nan. Maganinta na asali yana hannun masu buɗe ƙofofin Tiga da Challawa da masu yashe kogi. Abin da gawayi zai yi shi ne ya biya ladan mai yanka. Yau gayya ake yi ko a jira injin gwamnati, in an share bana baɗi ta dawo, ba wanda ya sami ko sisi. In kuwa kowane dami yana da kuɗi a bakin gaɓa, ba sai mai unguwa ya yi shela ba.

Abu ɗaya ba na wasa a kansa. Gawayi, na ƙirya ne ko na kachalla, yana fitar da wata iska mai guba marar wari marar launi. Kada sanyin hunturu ya sa a shigar da kasko ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Mai durom ma ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ba ta inda take tafiya ba.

Mai banda dai har na tashi bai yarda ba. Ya ce sai ya ga tuwon da idonsa, ya kuma ci. Na ce na amince. Ku nemo durom guda mai murfi, ku huda masa kafofi a gindi, ku tanadi laka ta liƙewa, ku yanko dami goma ku shanya har su yi ƙaras. In rani ya tsaya zan zo da kaina in zauna in karanta muku hayaƙi. Kifin miya a wuyanku yake, tun da ba a zuwa gaida ubangida hannu rabbana, bare shi ne ya tako. Sharaɗina ɗaya: a yi abin a tudu. Wanda duk ya ce in shiga kwalekwale mu je ganin inda aka yanko, shi zai daka garin.